Shagon ɗinkin Yaya a Tudun Wada da sola: yadda ta farko ta mutu, da abun da ya sa ta biyu take aiki

Ranar 29 ga Mayu 2023 muna zaune a shagon yayana a Tudun Wadan Zariya, rediyo na kunne ana jin jawabin sabon shugaban ƙasa, sai ga maganar cire tallafin mai ta fito. Yaya bai ce uffan ba, ya dai ɗago kai ya kalli janaretan da ke ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa sannan ya ci gaba da yankansa. Kafin kwana uku litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli ta wuce 600. Ni ke riƙe masa littafin shiga da fita na shagon, dan haka abun da zan faɗa nan da idona na gani kuma da birona na rubuta.

Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda. Kekuna huɗu, uku manya irin na wuta ɗin nan da teloli ke ce ma indastiriyal, ɗaya na wibin mai ɗaure bakin yadi, sai teburin yanka, teburin guga, fanka biyu na sama, ƙwayayen wuta biyar. Yara biyar ke aiki ƙarƙashinsa, biyu ma sun yi aure da wannan sana'an. Aikin maza ake yi, kaftani da babbar riga, in aikin hannu ne a kai cikin gari wajen masu zare su yi a dawo da shi a haɗa. Wutar gwamnati kuma kowa a Zariya ya san halinta, wata rana ta wuni wata rana a ƙyalla ta kaman walƙiya, toh dole inji. A ranar da babu wuta sam muna ƙona lita bakwai, wani lokaci takwas. Da can kuɗin bai kai 1,500 ba, ɗinki ɗaya ya biya. Da lita ta kai 600 ya zama 4,200 kullum, ban da baƙin mai da fulogi da mai gyara da ke zuwa kusan duk sati biyu. Kuma ba ka isa ka ninka ma mutum kuɗin ɗinki sau uku ba, shi ma ai a kasuwa ɗaya kuke cefane.

Wajen ƙarshen 2023 Yaya ya yanke shawaran sa sola. Ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kwasan adashi, aka kawo masa wani mai haɗawa da wani maƙwabci ya yaba. Mutumin ya shigo ya leƙa shagon bai fi minti biyar ba, bai tambayi komai ba, bai duba bayan keke ko ɗaya ba, ya ce Alhaji fanel huɗu da batir biyu za su ɗauke maka komai har da guga. Aka sayo fanel huɗu da aka rubuta wat 300 a jikinsu, batir tubula, wato manyan nan masu ruwa, guda biyu masu amfiya-awa 200, inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, da ɗan kwanturola mai daidaita cajin batir daga fanel. Watan farko wallahi murna muke, shago shiru ba ƙara ba hayaƙi, yara har sun fara jin rediyo suna aiki.

Azumin 2024 ne ya tona komai. Ya faɗo cikin Maris zuwa Afrilu, tsakiyan zafi, kuma duk wanda ya san tela ya san ɗinkin sallah da dare ake yinsa, daga an sauko tarawi har sahur. Satin farko batir na kai mu ƙarfe ɗaya, sati na biyu sha ɗaya da rabi inbata ta fara kuka, goman ƙarshe kuwa ko awa biyu ba ta yi. Muka koma ma janareta a lokacin da ya fi kowane lokaci buƙatan kuɗi, ga babur babu, ga adashi ana zubi. Na tuna wani dare Yaya ya zauna kan benci ya riƙe kai ya ce min, ƙanena an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin damina ta ƙare baturan nan sun zama kaya kawai a ƙarƙashin tebur.

Da yawan mutane nan suke tsayawa su ce sola yaudara ce. Mu ma saura ƙiris. Abun da ya canja shi ne wani abokina da ya karanta injiniyan lantarki a ABU, na roƙe shi ya zo ya duba mana, ya zo da ɗan mita a aljihu ya wuni da mu, kuma abun da ya nuna mana ranan shi ya sa nake wannan rubutun.

Ya fara da batir. Ya ce ku ɗauki biro, bolt 12 sau 200 sau batir biyu, ya ba da wat 4,800 na awa ɗaya, wato yunit huɗu da ɗigo takwas in da mita ne. Amma irin wannan batir ɗin mai ruwa da dalma ba a shanye shi, rabi ake ɗiba a bar rabi, in kana tatse shi har ƙasa kullum toh kana kashe shi ne da hannunka. Kenan abun da muke da shi na gaskiya bai wuce yunit biyu da rabi ba. Sai ya juya dutsen guga ya nuna mana rubutun jikinsa, wat 1,200. Awa biyu dutsen na ja ba tsayawa ya cinye kason dare gaba ɗaya, ba a ma zo kan kekuna ba. Mu kuma a goman ƙarshe yaro ɗaya aikinsa kenan, guga tun isha'i.

Sai kekunan. Wannan ne ya fi ba ni mamaki dan shekara da shekaru ina jin ƙugin nan ban taɓa kawo komai ba. Moton da ke ƙarƙashin tsofaffin kekunan indastiriyal mai kuloci ne, da ka kunna makunni yake ta juyawa ko kana ɗinki ko kana warware zare ko ka fita alwala, taka feda kawai haɗa shi da keken yake. Tela kuma in ka lura rabin lokacinsa ba ɗinki yake ba, gyara zaman yadi yake, yana saka zare, yana auna wuya. Duk wannan lokacin moto uku na shan wuta a banza. Ga shi lokacin tashi yana fizgan wuta da ƙarfi, shi ya sa ƙwayaye ke lumshewa in an kunna.

Fanel ɗin ma da ya auna da tsakar rana babu wanda ya kusa abun da aka rubuta, kuma an kafa su a kwance shamɓal kan kwano, ƙura ta yi musu kauri har kana iya rubuta sunanka da yatsa, babu iska a ƙasansu. Ya ce fanel haske yake so ba zafi ba, ƙarfin da ake rubutawa a digiri 25 ake gwada shi, duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, toh ka ɗauki fanel da ke manne da kwanon Zariya a watan Afrilu. Waya siririya aka sa mai ɗaukan zafi, kwanturolan kuma irin mai arahan nan ne da ba ya iya tatso duk abun da fanel ke bayarwa. Batura an cusa su a lungu inda zafi ke taruwa, shi kuma batir mai dalma zafi na rage masa kwana sosai, ana cewa duk ƙarin digiri 10 kusan rabin rayuwarsa ke tafiya. Na ƙarshe, da ruwansu ya ja ƙasa wani cikin yaran da kyakkyawan nufi ya zuba musu ruwan leda, dan ba wanda ya taɓa gaya masa ruwan batir daban yake. Ni ban ga laifin yaron ba ko kaɗan. Wanda ya karɓi kuɗin aiki ya tafi bai yi bayanin minti goma ba, shi ne ya cuce mu, kuma irinsa sun yi yawa yanzu, duk wanda ya iya ɗaure waya ja da baƙa ya zama injiniyan sola.

Yaya ya ji duk wannan amma kuɗi babu, sai muka ci gaba da lallaɓawa. Sai Oktoba 2024 ta zo. Kowa ya tuna, an lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, Arewa ta kwana fiye da sati cikin duhu, kuma a wannan watan ne lita ta haura 1,000. Lita bakwai ta zama sama da 7,000 a rana. Na buga a littafi, kwana 26 na aiki ya kama 182,000 in babu wuta sam, mai kawai. Na tura masa littafin gabansa ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, kira min abokin nan naka.

Bari in ɗan fita daga shagon kaɗan, dan abun da ke faruwa da mu ba namu ba ne mu kaɗai. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 wutar da ake rabawa a babban layi yawanci tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne, da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru da duk tashoshin gas na kudu. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 85 a Najeriya ba su da wutar layi sam, a Afirka kudu da Sahara kuma wajen miliyan 600. Duniya kuma ƙara neman wuta take, ga na'uran sanyaya ɗaki, ga motoci masu batir, ga manyan rumbunan kwamfuta. Abun da ya canja lissafi shi ne farashi, daga 2010 zuwa 2020 kuɗin fanel ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, batirin litiyom ma ya yi irin wannan faɗuwan, galibi dan Chaina ta buɗe masana'antu tana ƙera fiye da kashi 80 na kayan sola na duniya. A Pakistan mutane da kansu ba gwamnati ba suka shigo da fanel na kusan megawat 17,000 a 2024 kaɗai saboda tsadan wuta, ka kwatanta da abun da layinmu ke ɗauka. Mu a nan faɗuwan naira ta cinye mana wani ɓangare na arahan, dala ta wuce 1,500 a farkon 2024, amma duk da haka sai da lissafin ya fi na fetur. Kuma rana Allah ya ba mu ita, Arewa na samun kusan yunit 5 da rabi zuwa sama a kowane murabba'in mita a wuni, Jamus da ta cika rufinta da fanel wajen rabin wannan take samu. Jami'ar Bayero a Kano ta samu tashan sola haɗe da batir da janareta mai megawat 7.1 tun 2019, toh ba sabon abu ba ne a yankinmu, ƙananan mutane ne dai bai iso gare su da kyau ba.

Karo na biyu abokina ya ƙi yarda a sayi ko fanel ɗaya sai an fara rage cin wuta. Wannan shi ne abun da na fi so mai karatu ya riƙe a labarin nan. Aka cire motocin kuloci uku aka sa irin na zamani da ake ce ma sarbo, wanda ba ya motsi sai ka taka feda, ka ɗaga ƙafa ya tsaya cak, ba ƙugi ba zafi, kuma yana rage cin wuta fiye da rabi. Yaran da farko sun yi ƙorafi wai ƙafansu bai saba ba, kwana uku suka dena. Fanka biyu aka canja zuwa masu cin wuta kaɗan, ƙwayaye duk aka mai da su LED. Sai aka kafa doka aka rubuta da alli a bango, guga daga goma na safe zuwa uku na rana, lokacin da fanel ke ba da wuta kai tsaye ba sai an taɓa batir ba. In ta kama dole da dare, dutsen gawayi na nan. Kuɗin wannan gyaran duka bai kai kuɗin batir tubula ɗaya ba amma shi ya rage girman abun da za mu saya kusan da rabi.

Sannan aka sayo fanel shida masu wat 550, jimla kilowat 3.3, kowanne sai da aka auna shi a gaban mai shago kafin a biya. Aka yi musu ƙafa ta ƙarfe aka ɗaga su daga kwano, aka ɗan kishingiɗa su suna kallon kudu tunda Zariya na arewa da tsakiyan duniya da kusan digiri 11, ruwan sama ma ya riƙa wanke su yana gangarewa. Inbata mai haɗa wutar rana da ta gwamnati da batir waje ɗaya, waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, bireka mai yanke wuta in an samu matsala, da sandan da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa. Batir kuma guda ɗaya tal, litiyom irin wanda ake ce ma LFP, yunit biyar da ɗan kai. Shi ba ruwansa da ruwa, kana iya ɗiban kashi 80 zuwa 90 bai damu ba, yana jure caji da saukewa sau dubbai inda mai dalma ke yin ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu in an kula da shi, kuma akwai ɗan ƙwaƙwalwa a cikinsa da ke yanke wuta da kansa in an matsa masa. Tsada kam akwai, ba zan ɓoye ba, batir ɗin shi kaɗai ya kusa rabin kuɗin aikin. Yaya ya sayar da filin da ya saya ta wajen Dakace, Hajiyarmu ta ba shi aron kuɗin tumakinta ta ce kar ya kuskura ya je wajen masu ba da bashi da ruwa, sauran wani kwastoma mai kirki ya biya ɗinkin shekara na gidansa gaba ɗaya tun kafin a yi.

Azumin 2025 a watan Maris shi ne jarabawan. Kekuna huɗu, fanka, fitilu, daga tarawi zuwa wajen uku na dare, da asuba in na duba allon batir saura kashi 25 zuwa 30, kafin azahar ya cika. A duk watan sau biyu muka tada janareta, duka biyun kuma dan an karya dokan guga ne a daren jajibiri, wanda ni ban ga yadda za a hana ba. A rana mai kyau fanel ɗin na ba mu yunit 12 zuwa 13. Mai da muke saya ya koma ɗan galan ɗaya na ko-ta-kwana. Akwai kuma abun da littafi ba ya nunawa, ciwon kan da yaran ke kwana da shi saboda hayaƙi ya tafi, mai shayin gefenmu ya dena faɗa da mu kan ƙara, kuma babu sauran zuwa layin gidan mai da jarka ana korar ka.

Ba wai komai ya yi daidai ba. Hunturu in ƙura ta sauko daga Disamba zuwa Fabrairu wutar na ja baya sosai, sai an hau an goge duk kwana uku da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, kuma ruwan ma a Tudun Wada saye ake. Agusta in marka ta zauna kwana biyu uku batir ba ya cika, dole a rage aiki ko a jira wutar gwamnati ta taimaka. Ɓarayi sun sa sai da aka yi walda aka ɗaure kowane fanel. Mai shagon da muke haya, da ya ga abu ya yi kyau, ya fara zancen ƙarin haya wai an huda masa kwano, sai da dattawan layi suka sa baki. Wannan matsalan ta ƴan haya babba ce, mutum na tsoron zuba miliyoyi a rufin da ba nasa ba.

Abun da ya fi ci min rai shi ne maƙwabta. Wanzamin zamani da ke jikinmu, yaro ne mai ƙoƙari, abun da yake buƙata bai taka kara ya karya ba, kilifa biyu da fanka da ƙwai, Yaya ya ja masa waya ɗaya yana ba da wani abu duk sati ƙasa da abun da yake kashewa a mai. Amma mai walda da mai injin markaɗe da mai ƙanƙara ba mu iya ɗaukansu, su ma sun san lissafin sarai, sun san kuɗin man da suke ƙonawa a shekara biyu ya isa ya saya musu sola, abun da ba su da shi shi ne dunƙulen kuɗi a rana ɗaya. Fetur ana sayensa lita lita, sola kuma sai ka biya wutar shekara goma yau. Yaya yana da fili da uwa mai tumaki, su ba su da. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 dan shirin sola na ƙananan layuka da gidaje da ƴan kasuwa a Najeriya, dokan wuta ta 2023 kuma ta ba jihohi daman su tsara harkan wutarsu da kansu. Ni abun da nake fata bai wuce a samu hanyar biya kaɗan kaɗan ba tare da ruwa ba, ko ta ƙungiyar teloli ko ta ƴan kasuwa, a ce layi guda na shaguna ashirin sun haɗa rufi da batir kowa da mitansa, kaman yadda aka gwada a kasuwan Sabon Gari ta Kano. Da kuma a koyar da yara aikin da gaske a ba su shaida, mutum ya san wanda zai kira. Muna da ABU muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a gari ɗaya, masu ilimin suna nan.

Tsofaffin baturan nan biyu har yau suna ƙarƙashin teburin yanka. Ƴan gwangwan sun zo sun taya ya fi sau biyar kuma kuɗin ba laifi, Yaya ya so ya sayar, ni na roƙe shi ya dakata. Na taɓa ganin yadda ake fasa su da gatari a bayan gari a zubar da ruwan a ƙasa a narka dalman a buɗe, yara na wasa a wajen, kuma duk wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai ɗauki abun da wasa ba, ko da yake tasu daga haƙan zinare ta fito. Yanzu kusan kowane layi a Zariya akwai matattun batura irin namu. Abokina ya ce akwai dilan da ke karɓan tsoho a rufe ya tura kamfanin da ke narkawa yadda ya kamata, ya yi alkawarin zai haɗa mu da shi bayan sallah, toh shi muke jira.